Igiyar Mai Katako

Har yau in kana son a ba ka wurin zama a garin nan, ka yabi Mai Katako. Za a ce maka ba a taɓa yin magidanci mai son iyalinsa kamarsa ba. Za a ba ka labarin jana'izarsa, yadda aka rufe shaguna, yadda motoci suka toshe titi har bakin gada. Duk gaskiya ne, an yi taron. Amma masu ba da labarin a ƙofar gida suka tsaya. Wadda ta san abin da aka biya aka sayi wannan taro tana daga ciki, ita ce matarsa, wadda maƙwabta ke kira Maman Dogo.

Kafin ya zama Mai Katako, Kafinta ake ce masa. Shagonsa ɗan tsukuku ne a bayan tashar mota, rufin kwanon yana yoyo, ƙasa cike da garin katako. Zarto ne da guduma da gwangwanin ƙusoshi, sai fensir da ba ya rabuwa da bayan kunnensa. Ba shi da halin ɗaukar ma'aikaci, don haka tun suna ango da amarya matarsa ce ke riƙe masa bakin tef in zai auna dogon katako. "Riƙe min nan," zai ce, ita kuma ta riƙe, ko da goyo a bayanta, ko da kumfar wanki a hannunta. Ta riƙe har abin ya zame mata jiki, hannun ne ke zuwa da kansa kafin ta yi tunani.

'Ya'yansu uku. Babban namiji ne, ana kiransa Dogo don tun yana ƙarami yake buga kai a ƙofa. Sai Gimbiya, mai tsiwa, wadda ke gyara wa kowa magana har uban. Sai Auta, wadda ta zo a makare bayan an cire rai. Kafinta yana son su, wannan ba ƙarya ba ne. Ba ya cin abinci sai da su, kuma duk kujera da gadon da ke gidan hannunsa ne ya ƙera.

Ciwonsa ɗaya ne, raini. Ba ya jure ganin dillalin da ke sayar masa da katako ya bar shi tsaye a rana yana hira da wasu. Ba ya jure a kira shi "Kafinta!" daga cikin mota ko gaisuwa babu. Yakan dawo gida ya zauna ya yi jugum, abinci ya huce a gabansa.

Wata rana da hantsi ya ce mata ta shirya ta raka shi. An ba shi labarin wani mutum mai ba da sa'ar kasuwa, amma mutumin ya ce sai an zo da uwar 'ya'ya. Ta ce masa su dai su riƙe Allah. Ya ce ai ba wani abu ba ne, taimako ne kawai, kowa a kasuwa yana da inda yake zuwa. Ta bi shi, don ba ta taɓa kama shi da ƙarya ba.

Gidan yana can ƙarshen gari, bayan wata masana'anta da ta mutu. Rana na dukan ƙeya a waje, amma cikin ɗakin duhu ne da sanyi. Babu taga. Wata 'yar fitila ce ke ci a ƙasa tana hayaƙi. Ƙahonin dabbobi na rataye a bango, wasu da busasshen nama a gindinsu. An jera tukwane a kife, an danne kowace da dutse. Ƙasan ɗakin a jiƙe yake alhali an daɗe ba a yi ruwa ba, ga warin jinin da ya kwana ya gauraye da turare. A tsakiya akwai wani rami dogo siriri, an lulluɓe bakinsa da baƙin ƙyalle.

Bokan shi ne ya fi ba ta tsoro, don babu abin tsoro a jikinsa. Ɗan siririn mutum ne mai tsafta, farcensa a yanke, yana magana a hankali kamar mai sayar da magani.

"Me kake nema?"

"Buɗi, ranka ya daɗe," in ji Kafinta.

"Kowa buɗi yake nema. Wane iri? Na ci da sha, ko wanda za a miƙe in ka shigo?"

"Wanda za a miƙe."

"Wannan da tsada."

"A faɗa min, in ina da shi zan bayar."

"Kana da shi. Da ba ka da shi da ban ce ka zo ba."

Boka ya ɗage dutse daga kan wata tukunya, ya zaro igiya baƙa, siririya, a jiƙe, an tufka ta da gashi. Ya yanka baƙin zakara a bakin ramin, ya ja igiyar ta cikin jinin. Sannan ya juyo ya dubi matar.

"Uwar 'ya'ya, igiyar nan baki biyu gare ta. Mutum ɗaya ba ya awo da ita. In ya ce ki riƙe, za ki riƙe?"

Duk da tsoron da take ji sai da ta kusa yin dariya. "Ai tun da aka kawo ni gidansa aikina ke nan."

"Ba labari na tambaye ki ba. Za ki riƙe?"

"Zan riƙe."

Ya naɗa baki ɗaya a babban yatsan mijin, ɗaya a nata, ya sunkuya yana yi wa ramin raɗa. Ta ji igiyar ta matse mata yatsa da kanta, tana bugawa a hankali kamar jijiya. Da ya warware sai ya ce ta jira a waje, sauran magana ta maza ce.

Daga inda take tsaye a rana tana jiyo muryar mijinta na hawa tana sauka, irin muryar da yake yi in yana ciniki. "A'a, wannan ya yi yawa. A duba dai. A sassauta min. To, ɗaya ɗaya, ba gaba ɗaya ba." Ta yi murmushi ita kaɗai. Mijinta ko allura zai saya sai ya taya. Da ya fito, gumi ya jiƙa masa riga, ya ce, "Raguna ya nema. Na samu ya yarda a riƙa kawowa ɗaya ɗaya."

Washegari suka auna ƙofar shago da igiyar, ita a wannan gefe, shi a wancan. Ba a jima ba aka ba shi kwangilar kujerun makarantu. Daga nan sai ƙofofi da tagogin sabbin gidaje. Ya sayi injin yanka, ya sayi fili, ya sayi manyan motoci masu ɗauko gumagumai daga daji. Dillalin da ke barinsa a rana ya dawo yana cire takalmi a ƙofar ofishinsa. Sunan Kafinta ya ɓace, sai Mai Katako.

Bai canza wa iyalinsa ba, nan ne ya ci mutane. Da azahar zai rufe ofis ya dawo gida cin abinci, ya goya Auta ya zaga tsakar gida yana kukan doki. Ga ma'aikata rututu, amma ya ce kayan ɗakin 'ya'yansa ba mai taɓawa sai shi.

Da suka koma sabon gida ya ce Dogo ya fi ƙarfin gadonsa. Ya sa shi ya miƙe a ƙasan falo. Dogo, wanda lokacin ya zama saurayi har ya fara kula da motocin uban, ya kwanta yana dariya. "Baba, ka ƙara min taƙi ɗaya, ban gama tsawo ba."

"Ka gama," in ji uban. Ya zaro baƙar igiyar daga aljihu. "Maman yara, riƙe min nan."

Ta ɗora bakin igiyar a tsakiyar kan ɗanta, ta danne da yatsa, tana yi wa Gimbiya faɗan ta bar tukunya a wuta.

Dogo bai taɓa kwanciya a gadon ba. Ana sauke kaya a filin katako sarƙa ta tsinke, gumagumai suka gangaro masa, nan take ya rasu. Mai Katako ya yi kuka kamar ransa zai fita, sai da maza suka rirriƙe shi. Shekarar ba ta ƙare ba ya buɗe fili na biyu, mutane suka ce Allah ne ke saka wa mai haƙuri.

Bayan wasu shekaru kasuwa ta ɗan yi sanyi. A lokacin Gimbiya na gab da gama karatun koyarwa. Uban ya ce zai yi mata gado irin wanda babu a garin, tukuicin ƙoƙarinta. Ta kwanta tana mita, wai Baba yana da tef har da mai lamba amma ya fi son wannan ƙazamar igiya. Uwar ta riƙe.

Gimbiya ba ta mutu ba. Wata safiya aka same ta miƙe samɓal a ƙasan ɗakinta, hannuwa a manne da jiki, ido a rufe. In an yi mata magana ba ta amsawa, sai ta ce, "Baba, an gama? In tashi?" Aka kai ta asibiti, aka kai ta wurin masu addu'a. In an ɗaga ta ta koma. Yarinyar da ba a ƙare magana ba ta gyara ba, kalmominta ke nan har yau. Kasuwa kuwa ta farfaɗo, har daga wasu garuruwa ake zuwa layi.

A gefen Gimbiya, tana ba ta abinci a baki, Maman Dogo ta fara haɗa abubuwa. Mijinta na auna komai da tef, igiyar ba ta fitowa sai a kan 'ya'ya. Kuma tun ranar da suka je ɗakin nan, ba ta taɓa ganin an kai rago ko ɗaya ba. Amma ta ƙaryata zuciyarta. Mutumin da ke tashi ya lulluɓe yara in sanyi ya sauko? Ta ce shaiɗan ne ke raya mata.

Sai ciwo ya kama Mai Katako. Cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi rawaya, likita ya ce hanta ce. A daidai lokacin inji ya lalace, mota ta kife, wata babbar kwangila ta suɓuce. Wata rana da la'asar yana kwance ya kira ta.

"Na ga ƙafar Auta ta fara leƙowa daga gado. Kira min ita."

Ta tsaya a bakin ƙofa. "Ina tef ɗinka?"

"Igiyar ta fi daidai."

"Ragunan nan da ka ce, wa kake aikawa ya kai?"

Ta rufe ƙofa, ta zo ta tsaya a kansa. "Baban Dogo, ka dube ni. Me ka yi ciniki a ɗakin nan?"

Ya fashe da kuka. Ya ce bokan duka ukun ya nema a take, shi ne ya tsaya ya taya har aka yarda ɗaya ɗaya, sai in kasuwa ta nema. Ya faɗa kamar yana jiran ta gode masa. Ya ce a lokacin ya ɗauka suna da ƙuruciya, za su haifi wasu.

"Ka sani tun ranar?"

"Na ɗauka zan iya janyewa daga baya."

"Da hannuna," ta ce. "Ka sa na danna abin nan a kan ɗana da hannuna. Ina riƙe, ina yi wa 'yar'uwarsa faɗan tukunya."

"Ki saurare ni. In ba a auna Auta ba, ni igiyar za ta ci. Ciwon nan shi ke nan. Ki taimake ni, shekara nawa muna tare?"

Ba ta taɓa sanin za ta iya tsanar mutum haka ba. Ta ce, "To ta ci ka. Wallahi ko yatsana aka yanke ba zan riƙe ba."

Ta birkice gidan tana neman igiyar ta ƙone, ba ta samu ba. Ba ta faɗa wa kowa ba, don wa zai auri Auta gobe in aka ji 'yar matsafi ce? Da aka kwantar da shi a asibiti ta zauna jinya, ba don tausayi ba, don idonta ya kasance a kansa. Yakan roƙi a kawo masa Auta ya gan ta, dangi su yi ta surutu in ta hana. Sai ta bari a kawo yarinyar bayan an tashi makaranta, ita kuma tana zaune a kujera tsakaninsu, ba ta ko ƙifta ido.

Ya rasu da safe. Ta yi kuka, mutane suka ce kukan so ne. Ita ta san kukan wadda ta tsira da ɗiya ɗaya ne.

Jana'izar kuwa an yi ta. Aka kafa rumfuna daga ƙofar gida har kwana. Masu kuɗi da masu mulki suka zo, ma'aikatansa suna ture juna wajen ɗaukar makara. Mata suna shigowa suna zama gabanta. Wannan ta ce ya biya wa ɗanta makaranta. Waccan ta ce kullum tana yi wa mijinta gori da shi, mutumin da ke ƙera wa 'ya'yansa gado da hannunsa. Maman Dogo tana amsawa da "Allah ya ba da lada," haƙoranta a cije.

Bayan an dawo daga maƙabarta Auta ta zo ta kwanta a cinyarta. Uwar na shafa mata kai. Can yarinyar ta ɗago.

"Mama, yanzu wa zai ƙarasa min gadon?"

"Wane gado?"

"Wanda Baba ya auna ni. A asibiti, ranar da barci ya kwashe ki a kujera. Ya ciro igiyar daga ƙugunsa, ya ɗaura miki a yatsa a hankali, ya ce in kwanta a ƙasa kusa da ƙafarki. Ya ce kar in tashe ki, kin gaji, kuma kar in faɗa, so yake ya ba ki mamaki."

Maman Dogo ba ta yi ihu ba. Ta damƙa yarinyar a hannun ƙanwarta, innar yarinyar, ta ce ko banɗaki kar a bar ta ta je ita kaɗai. Ta fita ta ƙofar baya, ba takalmi, ta nufi ƙarshen gari.

Ɗakin yana nan yadda ta san shi, bokan ko furfura bai ƙara ba. Ta zube a gabansa.

"Ya auna ta, amma ya mutu. Kun ci shi. Ku bar min ita."

"Mu muka ci shi?" Boka ya ɗaga gira. "Hantarsa ce ta ruɓe, likita bai faɗa miki ba? Igiya ba ta taɓa mai riƙe ta."

"Ya ce in bai auna ba shi za ta ci."

"Haka ya ce miki? Ni ban faɗa masa haka ba. Na ce ranar da ya daina, dukiya za ta koma inda ta fito, shi ke nan. Da ciwon ya yi tsanani ya sa aka kawo shi nan, ya tambaye ni ko awo zai warkar da shi. Na ce ba zai ƙara masa ko yini ba. Ya ce ya ji, amma ba ya so a binne shi Kafinta. So yake arzikin ya raka shi har kabari. Kin ga taron ai. Mu mun cika namu."

Ashe ba ma ransa ya saya da 'yarta ba. Rumfuna ya saya, da motoci a titi.

"Ku ɗauki filin, ku ɗauki gidan."

"Waɗannan namu ne tun farko."

"To ku ɗauke ni."

"Na faɗa miki, ba ta taɓa mai riƙo."

"Barci nake! Ban yarda ba!"

"Kin yarda a ɗakin nan, da bakinki. Ban tambaye ki ko a farke ko a barci ba." Ya juya ya gyara lagwanin fitilarsa. "Tashi ki je gida, uwar 'ya'ya. Kina ɓata ɗan lokacin da ya rage miki."

Ta fito da gudu. Tun daga kwanar layinsu ta jiyo kuka. Kukan da ta bari ya riga ya gaji, ya koma hira ƙasa-ƙasa. Wannan sabo ne, kuma muryar ƙanwarta ce a sama. An ce yarinyar ta ce kanta na ciwo, ta ɗora shi a kafaɗar innarta, shi ke nan. Rumfunan uban ba a sauke su ba, a ƙarƙashinsu aka karɓi gaisuwar ɗiyar.

A ranar ta fito tsakiyar taron, kai ba ɗankwali, ta faɗi komai: ɗakin, ramin, igiyar, cinikin. Ta kira shi maci amana a gaban manyan gari. Sai wani dattijo ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki, baƙin ciki ya taɓa baiwar Allah. A shigar da ita ciki." Aka shigar da ita, aka ci gaba da yabon mamaci.

Dukiyar ba ta daɗe a bayansa ba. Wuta ta tashi a babban fili da rana tsaka ta lashe komai, motoci suka mutu a daji, gara ta cinye ƙofofin gidan da ya yi alfahari da su. Yanzu Maman Dogo na zaune a ɗakin haya guda, tana wankau tana ciyar da Gimbiya a baki. In ta wuce, yara na nuna ta su ce ga matar da ta haukace ta zagi mijinta na kirki.

Don haka kai da ke ganin abincin gidanka ya yi maka kaɗan, kai da ke jin zafin an bar ka tsaye a rana har kake tambayar hanyar ƙarshen gari, ka tsaya. Masu ɗakin nan ba sa ba da kyauta, ba sa yafewa, kuma ba sa neman abin da ba ka da shi. Kafin ka fita, ka dubi waɗanda ke zaune kewaye da kai suna cin abinci, masu dariya in ka yi wasa, masu yin abin da ka ce ba tare da tambaya ba. Da su za ka biya, kuma saboda sun yarda da kai ne za su tsaya a yanka su.